Akwatin Wasiƙun Babakura

A yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba, kuma na san akwai waɗanda suka fi ni iyawa. In an ga kuskure a rufa mini asiri.

Iya Fanne mai sayar da bandar kifi a kasuwar Nguru ba ta taɓa kiran sunan Babakura ba, don ɗan fari ne. Ko da ya tafi karatu Sudan, "yaron nan" take cewa. Da zazzaɓi ya yi ajalinsa a can, a shekarar 2007, ba ta da ko hotonsa guda. Kunya ta hana ta ajiyewa.

Abin da ya rage sai wasiƙun da ya riƙa aiko wa ƙanwarsa Maijidda ta imel. Duk sati Iya kan ce za ta Gashuwa saro kifi, Maijidda ta raka ta. In sun gama sai ƙafarta ta bi da su ta kafen intanet na Malam Kalli, wai ta huta a gaban fanka. Maijidda takan buɗe akwatin ta karanta a hankali, Iya na kallon titi kamar ba ta ji. Sau biyu Maijidda ta ce a buga su a takarda. Iya ta ce a kai gida a nuna wa wa?

Wata ranar suka tarar da sabon saƙo da sunan Haisam, abokin karatun marigayin. Ya yi sallama, ya yi ta'aziyya, ya ce yana da hotunan Babakura na ƙarshe. A danna nan, a sa adireshi da kalmar sirri, za su buɗe.

Maijidda ta danna. Shafin da ya fito ya yi kama da wanda ta saba gani, amma rubutun da ke can sama baƙo ne, dogo, duk lambobi. Ta ce bari Malam Kalli ya dawo daga masallaci ya duba.

"Mutum ya yi miki gaisuwar mutuwa, ki ce sai an bincike shi?" in ji Iya. "Ba a yin haka. Ba shi abin da ya nema."

Karo na farko ke nan da ta juyo ta fuskanci kwamfutar sosai. Maijidda ta kalle ta, ta rubuta kalmar. Hoto bai fito ba. Suka jira har lokacin da suka saya ya ƙare.

Da sati ya zagayo, akwatin ya ƙi buɗewa. Maijidda ta gwada sau bakwai. Malam Kalli ya ja ta gefe, ta gaya masa komai. Ya ce ba Haisam ba ne, shi ma sace nasa akwatin aka yi aka yi amfani da sunansa. Mai nuna hoto ba ya bukatar kalmar sirrin kowa, kuma duk shafin da adireshinsa ya canza, a rufe shi kawai. Ya yi ƙoƙarin dawo da akwatin, an riga an canza komai.

Ta koma ta zauna. Iya ta gyara mayafi ta juya wajen titi, tana jira.

Maijidda ta ƙura wa shafin da babu komai ido, ta fara jawo wasiƙar farko daga ka, kamar karantawa take. Ta kai inda yake ba da labarin abincinsu na can, sai ta kakare, ta tsallake.

"Ba haka ya ce ba," in ji Iya, ba ta juyo ba. "Cewa ya yi wakensu ba gishiri, a gaya wa Iya ya yi kewar miyarta."

Iya ta ɗora daga nan da kanta, layi bayan layi, har da inda ya yi wa Maijidda tsiyar son littafi. Mutum biyu da ke gefe suka daina danne-danne. Malam Kalli ya sunkuyar da kai.

Wasiƙu goma sha tara ne, Maijidda ba ta san guda nawa Iya ta riƙe ba, kuma ba ta iya tsayawa ta ji inda za ta tsaya. Ta zame daga kujerar, ta ɗauki takalmanta a hannu, ta fice ta bayan labule.