Ranar Da Mai Turare Ta Daina Hayaƙi

Harshen wutar bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ya leƙo daga gefen injin, shuɗi-shuɗi, kamar baƙon da ke jiran a yi masa iso. Barau ya cire hularsa ya danne shi. Da ya ɗaga hannu wutar ta mutu, hular ma ta bi ta.

A tashar Batsari babu wanda ya waiwayo. Motar Barau da hayaƙi ai kamar kasuwa ce da hayaniya. Tsohuwar a-kori-kura ce, fara a zamanin da, wadda ke tafe kullum farin hayaƙi na tasowa ta ƙarƙashin bonet, yana bin gilashi, yana barin ƙaurin ƙonannen mai a tufafin fasinja. Matan Tungar Kanya, ƙauyensu da ke bayan Ruma, su suka raɗa mata Mai Turare. Barau ya saba. Kowace safiya yakan ɗura mata baƙin mai kamar mai ba jaki dusa, ya ce ai kowace dabba da irin cinta.

Amma yau ba ranar wasa da wuta ba ce. Yau zai ɗauko uwarsa, Hansai.

Tun da aka fara watsewa daga ƙauyen, Hansai ta ce ita ba buhu ba ce da za a jefa a bayan mota. Aka kore shanun garin, ta zauna. Aka ƙone rumbunan arewacin gari, ta zauna. Sai jiya wani mai jaki da ya kawo wake ya tsaya a ƙofar ɗakin da Barau ke haya, ya ce, “Tsohuwa ta ce in gaya maka ta ɗaure kayanta.” Bai ƙara komai ba, Barau ma bai tambaya ba. Duk abin da ya sa Hansai ɗaure kaya ba abin da ɗa ke son ji ba ne. Kuma saƙon baki ne kaɗai ya rage, don an katse layin waya a yankin baki ɗaya domin a hana ɓarayin daji magana da juna. Su dai sun ci gaba da fahimtar juna.

Ya lallaɓa motar zuwa garejin Maude, taubashinsa, ɗan ƙanen Hansai. Maude na kwance a ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai ake gani.

“Tun daga kwana na ji warinka,” in ji Maude. “Gawar ka kawo a yi mata wanka?”

“Baƙin mai za ka ƙara mini. Sauri nake.”

Maude ya turo kansa waje, ya dubi kan Barau. “Ina hularka?”

Barau ya nuna masa. Maude ya fara dariya, har ya kai rabi, sai ya fasa. Ya miƙe ya ɗaga bonet. Ya sa tsumma ya goge bakin murfin da ke saman inji tun daga gaba har baya, ya ce a tayar. Sannan ya tsuguna ya zuba ido kamar mai gadin ramin gafiya. Ba a daɗe ba mai ya fara tsattsafowa daga mahaɗar murfin, kamar gumi a goshi, ya gangara ya ɗiga a kan bututun salansa mai zafi, ya yi cuu, ya tashi sama. Maude ya zagaya baya, ya tara tafin hannunsa a bakin salansa, ya shinshina.

“Ba ringi ba ne. Da ringi ne, ta baya za ta riƙa sakin hayaƙin, kamar kai in ka ci wake.” Ya kashe motar, ya zaro wayar fulogi ɗaya, bakinta jage-jage da mai. “Gaskit ne, na murfin sama. Robar da ke tsakanin murfi da inji ce ta bushe.”

“Shekara da shekaru tana haka, Maude.”

“Shekara da shekaru kana kashe mata wuta da hula?”

“Gobe na kawo maka ita. Yau Inna zan ɗauko.”

“Shi ya sa ba za ka fita da ita haka ba. Gwaggo a gaba, katifa da tabarmi da buhunan gero a baya. Murhu ke nan ka ɗora ta a kai, kuma a hanyar da ba a tsayawa ko fitsari.” Ya jefa tsumman a kafaɗa. “Sai ta huce zan taɓa ta. Zauna.”

Barau bai zauna ba. Kowa ya san dokar hanyar Ruma, ko da yake babu wanda ya kafa ta: in la’asar ta yi, hanyar ta koma hannun masu ita. Ya tsaya yana kallon inuwar dalbejiya tana tsukewa zuwa gindinta, Maude kuwa yana shan kokonsa a natse, yana cewa sauri ya haifi nawa.

Da injin ya huce, Maude ya cire wayoyin fulogi ya jera su yadda suke, ya kwance notina ya zuba a gwangwani. Murfin ya ƙi tashi. Ya bubbuga shi da dunƙulen hannu har ya saki. Tsohon gaskit ɗin ya fito gutsure-gutsure, ya ƙame kamar busasshiyar ganda. Ya kankare ragowarsa da bakin wuƙa, yana tare ɓarɓashin da tsumma kada ya faɗa cikin inji, ya wanke bakin murfin da fetur. Sannan ya shiga rumfa ya sauko da sabo daga kan ƙusa, har yanzu yana cikin ledarsa.

“Ina ka samo shi a garin nan?”

Maude ya nuna wata mota irin tasa a gefen katanga, tayoyinta sun zauna, kaza na kwanci a kujerar direba. “Mai ita ne ya sayo. Ya ce zai je Safana ya dawo mu sa.”

Barau bai tambayi yaushe ba.

Maude ya kwantar da robar cikin kwarminta da babban yatsa, ya ɗiga gam a kusurwoyi, ya mayar da murfi. Barau ya ga aikin ya zo ƙarshe, ya fizgi sifana zai ɗaure, Maude ya make masa hannu.

“Ba ɗaurin akuya ba ne. Daga tsakiya ake farawa, nan da can, kaɗan-kaɗan. Ka matse da ƙarfi ka tsinka ta, ka koma gidan jiya. Duk danginku na wajen uba haka kuke, komai da ƙarfi.”

Aka tayar. Ragowar man da ke jikin salansa ya ƙone, hayaƙin ya yi siriri, ya yi shara-shara, ya ɗauke. Barau ya tsaya yana kallon motarsa kamar wanda amininsa ya aske gemu.

“Ka gai da Gwaggo,” in ji Maude. “Ka ce mata ɗanta na kirki ne ya gyara mata mota.”

Bayan azahar ya kama hanya. Dawa ta nuna a gonaki dama da hagu, ta sunkuyar da kai, babu mai yanka. Bana tsuntsaye ne suka yi noma. Ya wuce shingen ’yan sa-kai na ƙarshe, suka ɗaga masa hannu irin ɗagawar da ake yi wa wanda ba a hana ba kuma ba a ba shi shawara ba. Gilashi garau. Karo na farko a wannan hanya ya ji ƙanshin gona ta taga, har ya kama kansa yana jin daɗi, ya yi istigfari. Ya tsallake ƙorama, ya bar bakin daji a bayansa, ga dutsen Tungar Kanya, ga bukkoki a gindinsa.

Babu yaron da ya biyo motar da gudu. Babu wanda ya leƙo.

A tsakar gidan Hansai kaya na nan a ɗaure: ƙunshi biyu, tabarma a nannaɗe, buta a kai. Tukunya na kan murhu, wuta na ci, ruwan ya kusa ƙonewa. A bakin ƙofa takalminta ne, wari ɗaya.

Ya fito da gudu. A inuwar masallaci ya ga mutum a zaune, Baba Yusha’u, ladanin garin, wanda ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa tun kafin garin ya fara buƙatar gudu. Barau ya durƙusa, don ko gari na ci da wuta ba a tsallake gaisuwa.

“Barka da hutawa, Baba.”

“Barka kadai. Wa nake ji kamar Barau?”

“Ni ne, Baba. Mun same ku lafiya?”

“Lafiya lau. Ya hanya? Ya mutanen Batsari?”

“Suna gaishe ku. Baba, ina mutane?”

Tsohon ya ɗan karkata kai yana duban motar da ke tsaye a bakin masallaci. “Da motar wa ka zo?”

“Da tawa.”

“A’a.” Ya girgiza kai a hankali. “Yaron nan Abdulhakim na kan dutse tun hantsi, don kai aka ce ya hau. Ya ce ga farar mota ta tsallako ƙorama, amma ba ta hayaƙi. Aka ce ya sake dubawa. Ya ce wallahi tas take. To, ka san wancan watan da mota ɓarayin suka zo mana, wadda suka ƙwace. Muka fito tarba, mun zaci kayan agaji ne.” Ya ja carbi. “Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake. Suna bayan dutse, cikin kogunan.”

“Har Inna?”

“Goya ta aka yi. Tana ta cewa a bari ta ga fuskar direban.”

Barau ya miƙe, ya nufi bakin gari, ya haɗa tafukansa a baki. “Inna! Abdulhakim! Ni ne, Barau!” Dutsen ya dawo masa da sunansa. Ya sake kira har muryarsa ta dushe. Ya koma ya danna hon.

“Bari, ɗan nan,” in ji tsohon. “Ƙara tura su ciki kake. Ranar da ɓarayin suka kama maƙwabcinmu Sadiƙ, da bakinsa aka kira matarsa da ’ya’yansa, bindiga a ƙeyarsa. Tun ranar aka yi alkawari a masallacin nan: in an shiga, ba a fitowa don murya, ko ta wa ce. Sai gari ya waye.”

“To in bi su.”

“Da ’yan harbi a bakin kogon. Ba sa tambaya.”

“In kwana, da safe mu tafi.”

“Mota ba ta kwana a garin nan. In ta kwana, ba kai za ka tuƙa ta da safe ba.” Sannan ya ƙara, “Sun aiko mana cewa suna tafe, shi ya sa ka ga kaya a ɗaure. Kuma ka san uwarka. Ba ta ɗaure kaya sau biyu.”

Barau ya dubi rana. Ta bar tsakiya da nisa. Ya dubi motar, tana tsaye tsaf, inji na kaɗawa a hankali, lafiyayye, babu abin da za a ce da ita. Ya ɗaga kujera ya jawo galan ɗin baƙin man da ya saba yawo da shi, ya ɗaga bonet.

“Me za ka yi?”

“Hayaƙi suke so.”

“Ba a nan ba,” in ji Baba Yusha’u. “Hayaƙi a kan hanya, kai ne. Hayaƙi a cikin gari, su ne. Sai dai ka koma ka sake zuwa.”

“Daga ina ake fara hangowa?”

“Daga hayin ƙorama.”

Hayin ƙorama shi ne bakin daji. Dukansu sun san haka, babu wanda ya ga amfanin faɗa.

Barau ya koma gidan uwarsa ya sauke tukunyar, ya kashe wutar. Ya dawo ya ciccɓi tsohon, bai fi nauyin damin kara ba, ya zaunar da shi a gaba.

“Ni ina za ka kai ni?”

“Ka raka ni, Baba.”

“To. An daɗe ba a ce in raka wani ba.”

Suka fita ta hanyar da ya shigo. Ya tsallake ƙorama, ya juya motar a gindin wata kuka, hancinta na kallon dutse, bayanta na kallon itatuwa. Ya fito da sifana. Notinan da Maude ya ɗaure kaɗan-kaɗan daga tsakiya, shi ya bi na gefen salansa ya sassauta su ɗaya bayan ɗaya, ƙarfen na ƙona masa yatsu. Sabuwar robar ta ƙi sakin mai da wuri. Aikin kirki aka yi mata. Sai da ya cusa bakin sukundireba ya ɓanɓare ta. Sannan ya karkata galan ya tsiyaya mai a kan bututun. Ya yi cuu, ya turnuƙe masa fuska. Ya jira ya ga ko wuta za ta leƙo. Ba shi da hula kuma.

Ya rufe bonet ya shiga. Ƙaurin da ya sani ya cika motar. Tsohon ya yi tari, ya leƙa ta taga ya dubi inuwar kukar.

“La’asar ta yi,” ya ce, ƙasa-ƙasa, don bakinsa ya saba sanarwa.

Barau ya taka kuloci, hannunsa ya tafi neman giya mai gudu.

“A hankali,” in ji Baba Yusha’u. “Bari su gan ka da kyau.”

Ya sa ta ɗaya. Motar ta gangara cikin ƙorama tana rarrafe. Babu iska ko kaɗan, don haka hayaƙin ya miƙe sama sosai, fari fat, ya wuce kan kukar. Tun daga kan dutse har cikin daji, duk mai ido zai gan shi.