Ƙarfe Ukun Mzee Luhwago

Wasiƙar ta same mu a Iringa ranar Litinin, cikin watan Satumba. Matar wani mai gadin gobara ce ta sa aka rubuta mata daga gandun katako na Ihemba. Layi shida ne kacal. Mijinta ya ga wani abu a sama, ya faɗa wa ofis, ofis ya ce ƙarya yake yi, an kore shi, an kuma ba su zuwa Asabar su kwashe kayansu daga gidan kamfani.

Mama Mapunda ta karanta sau biyu, ta cire tabarau.

"Onesmo, duba mai a mota."

Shekara talatin ta yi a ofishin duba yanayi kafin ta yi ritaya. Tun tana aiki mutane ke kawo mata labarin abin da suka gani a sama, abokan aikinta suna dariya, ita tana rubutawa. Ni direbanta ne. Da na gama makarantar manya ina da shekara arba'in da uku, sai ta miƙo mini littafi da biro, ta ce daga yau ni zan riƙa rubuta abin da mutane suka faɗa, kalma da kalma, ba gyara. Fayil biyu gare ta. Ɗaya mai kauri, na abubuwan da ta gano asalinsu: Zara ce ta fito da wuri, ko balan-balan na auna iska, ko tarkacen tauraron ɗan'adam. Ɗayan siriri ne, ba ta cika buɗe shi a gaban mutane ba.

Ranar Laraba da hantsi muka shiga Ihemba. Muka fara da ofis, don haka take yi ko'ina. Manajan, Bwana Chalamila, bai hana mu kujera ba. Ya sa akawunsa, wani mai suna Kihwele, ya kawo takardar bayanin mai gadin, wanda aka rubuta da Turanci, da dangwalen babban yatsa a ƙasa.

"Mama, ni ba mugu ba ne," in ji manaja. "Dashe ɗari huɗu suka ƙone a ƙarƙashin hasumiyarsa. Da ya ce mini kaskon gawayinsa ne ya kife, wallahi da gargaɗi kawai zan yi masa. Amma ya zo mini da tatsuniya. Duba nan, ya ce tara na safe ya ga abin. Tara na safe a ranar yana tsaye a nan gaban ofis ana rabon takalman ruwa, mutum talatin sun gan shi. Mai gadin da ke ƙarya ba zan bar masa gandu ba."

"Ka sake tambayarsa?"

"Na ce masa a lokacin da ya faɗa ba ya kan hasumiya. Sai ya sa hularsa ya fita. Kin san mutanen nan da zuciya."

Gidan mai gadin yana ƙarshen layin leburori. An riga an ɗaure katifa da igiya, tukwane suna cikin buhu. Matar, Semgaya, ta kawo mana dankali dafaffe da shayi, ta koma bakin ƙofa ta zauna a kan buhun. Mijinta, Mzee Luhwago, wato Dattijo Luhwago, dogo ne, siriri, da agogo a wuyan hannu wanda kamfani ya ba shi da ya cika shekara ashirin. Na gaishe shi da shikamoo, gaisuwar da muke yi wa manya, ya amsa a taƙaice. Bai ko kalli Mama ba sai da ya ji sunanta, wanda da harshenmu yake nufin jakuna.

"Mapunda? Ashe Bangoniya ce. Ku da kuka rasa sunan mutane kuka koma aron na jakuna."

"Yi a hankali, Bahehe. Tun da na shigo layin nan ban ji haushin kare ko ɗaya ba. Kun cinye su ne?"

Semgaya ta rufe baki da gefen zane. Tsohon ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara. Mutanensa da nata abokan wasa ne tun zamanin da suka gaji da yaƙar juna, ba shi da ikon yin fushi da ita.

"To, 'yar jakuna, ke ma kin zo ki ce giyar ulanzi na sha?"

"Na zo in ji. Amma ba a nan ba. Gobe da safe ka kai ni inda ka tsaya."

Washegari muka hau hasumiyar, tsani mai hawa sittin da biyu. Ita da gwiwarta mai ciwo sai da ta huta sau uku, ba ta yarda na riƙe mata jaka ba. A sama akwai kujera ɗaya, da oba-oba rataye a ƙusa, da kaskon gawayi. Daga can ana hango wurin da ya ƙone, da'ira sosai kamar an kifa faifai a tsakiyar dashen.

Ta ba shi kujerarsa, ita ta zauna a kan katako. Ba ta tambaye shi komai ba. Abin da na fi gani a wurinta ke nan: tana iya yin shiru har mutum ya gaji da jiran tambaya ya fara magana da kansa.

"Tsuntsaye ne suka fara yin shiru," in ji shi. "Sai haƙorana suka ɗauki tsami kamar na ciji ɗanyen lemo. Na ɗaga kai, ga shi can, kamar murfin sabuwar tukunya, faɗinsa ya kai rumfar ofis. Ba ƙara, ba hayaƙi. Ya sauko a hankali ya tsaya a kan dashen, bai taɓa ƙasa ba. Na ɗauki oba-oba, babu ko shuu. Na yi addu'a, rabinta ta ɓace mini. Can sai ya karkata, ya yi wajen Njombe, ƙiftawar ido babu shi."

Na rubuta. Ya murza agogonsa.

"Akwai abin da ban faɗa wa ofis ba, don kada su ƙara da cewa na haukace. Abin nan ba shi da inuwa. Ga rana tarwai, na duba ƙasa, na sake dubawa. Ba inuwar komai sai ta hasumiya."

Mama ta ɗago. "Ta hasumiya tana ina?"

"Can, kanta a kan farin dutsen nan."

Ta leƙa ta gefen da ya nuna. Dutsen yana gabas. Inuwar hasumiyar kuwa a lokacin tana kwance yamma, doguwa, ta ba dutsen baya. Agogona ya nuna tara saura kwata.

"Ka tabbata, Mzee? Ba wani dutsen ba?"

"Shekara ashirin da shida nake kallon dutsen nan. Na fi sanin sa a kan fuskar surukata."

"To, za mu jira ta."

"Wa?"

"Inuwar."

Muka jira. Ta fito da gyaɗa ta raba mana. Ya ba ta labarin gobarar da ta ci rabin gandun shekarun baya, ta ba shi labarin wani limamin coci a Makambako da ya tara jama'a suna addu'a ga Zara har kwana uku. Da tsakar rana Mama ta sauka ta shiga da'irar, ta daɗe tana duba dashen ɗaya bayan ɗaya, ta kira ni in rubuta: kawunansu sun babbake, gindinsu kore, busasshiyar ciyawar da ke ƙasa ko baƙi ba ta yi ba. Ta tsinki rassa uku ta sa a ambulan. Sannan ta sake hawa tsanin nan sittin da biyu.

Inuwar ta taƙaice, ta shige ƙarƙashin hasumiya, ta fito ta ɗaya gefen tana rarrafe. Da kan inuwar ya hau farin dutsen, tsohon ya ce, "Yawwa. Haka take."

"Mzee, ƙarfe nawa yanzu?"

Ya dubi agogonsa. "Wa ke tambaya? In ke ce, tara. In ofis ne, uku."

Biro ya tsaya a hannuna. Mu da harshenmu na Suwahili daga fitowar rana muke fara ƙirga awa, shi ya sa ukunmu na safe ita ce taran agogon ofis, taranmu na rana kuma ukunsu ce. Kowa yana juya lissafin a kansa ba tare da ya sani ba.

"Da Kihwele ya tambaye ka lokaci, me ka ce masa?"

"Uku mana. Ranar da aka ba ni agogon nan manajan wancan lokaci ya ce, in za ka yi magana da ofis, yi da lokacin ofis. Ni ba bagidaje ba ne."

Mama ta kama dariya har da hawaye. Ban taɓa ganin ta haka ba.

"Kai, Bahehe! Wayewarka ce ta kore ka daga aiki."

Kafin a tashi daga ofis muka isa, tsohon yana biye da mu, ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shiga. Mama ta ajiye takardar a gaban akawu.

"Ɗana, da wane harshe Mzee ya ba ka bayani?"

"Da Suwahili, Mama."

"Ya ce maka tara?"

"A'a, uku ya ce. Ni kuma na mayar da shi lokacin ofis, tunda takardar ta Turanci ce. Tsoho ne da bai yi makaranta ba, ai ba zai…" Sai ya tsaya. Ya dubi wuyan hannun tsohon, ya dubi takardar. "Wayyo Allah."

"Shi ya juya maka don ya girmama ka, kai ka sake juyawa don ka taimake shi. Bwana Chalamila, kuna da littafin da mai kula da oba-oba ke rubutu a ciki?"

Aka kawo. Manaja da kansa ya buɗe ranar, ya bi da yatsa. Da safe ba komai. A ƙasa, da rubutun mai kula da na'urar: uku da minti huɗu, duk hasumiyoyi shiru, janareta ya mutu. Uku da minti goma sha tara, sun dawo da kansu.

Ta zazzage rassan a kan teburinsa. "Ka fi ni sanin wuta. Ka taɓa ganin ta gawayi ta fara daga sama ta bar ciyawa?"

Ya juya reshe ɗaya a hannunsa, ya daɗe.

"To mene ne, Mama? Kina so ki ce mini mutanen wata duniya ne suka zo duba mini dashe?"

"Ban sani ba."

"Kin taso tun daga Iringa don ki ce ba ki sani ba?"

"Labari ɗari biyu da sha biyu na bi, na gano ɗari da casa'in da bakwai. Wannan ban gano shi ba, kuma ba zan ƙirƙiro maka amsa don ka ji daɗi ba. Abin da na sani shi ne, ƙarfe uku na rana mutumin nan yana kan hasumiyarsa, kuma abin da ya ce oba-oba ta yi, littafinka ya ce ta yi. Ba don abin da ya gani ka kore shi ba, don ƙarya ka ce."

Manaja ya jawo aljihun tebur, ya ciro kwafin takardar korar. Ya tashi ya je bakin ƙofa da ita.

"Mzee, kawo taka in haɗa in yaga."

"Tana wurin tsohuwa. Ta naɗe gishiri da ita."

"To a bar ta da gishirinta. Gobe ka koma sama."

Kihwele ya fito ya durƙusa yana ba da haƙuri. Tsohon ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Tashi. Ka zo gida ka taya tsohuwa kwance katifa. Ƙarfe biyar." Ya ɗan tsaya. "Na ofis."

Ranar Juma'a da za mu tafi, mun biya ofis yin sallama. Mama tana zura rahoton Ihemba cikin siririn fayil sai oba-oba ta yi ƙara a ɗakin gefe, muryar Mzee ta cika wurin.

"Hasumiya ta huɗu. Ba hayaƙi ko'ina. Ƙarfe takwas na ofis, ƙarfe biyu na mutane. A gaya wa 'yar jakuna ta sauka lafiya."