Sunan Yaron Inna

Delou ta manna wayarta a gilashin kantar asibiti, fuskar Dakta Bilƙisu a ciki, 'yar ƙarama kamar hoton iƙama, katin izinin zaman baƙo.

"Ga likitata," ta ce da guntun Larabcin da ta tsinta a kicin. "Ta zo."

Akawun asibitin, wani siriri mai tabarau, ko kallon wayar bai yi ba. Ya ce mamnu'u, wato an hana, ya ci gaba da danne-dannensa.

Dakta Bilƙisu 'yar Katsina ce. Shekara huɗu ta yi a wannan ƙaramin asibiti na unguwar Malaz a Riyad tana ganin masu ciwon da awon jini ba ya nunawa, har kwantiraginta ya ƙare ta koma gida. Ta'amin ɗin kamfani, wato inshorar da ke biya wa ma'aikata asibiti, zama shida ya yarje wa Delou. Uku kacal suka yi.

"Yaya Delou, gaskiyarsa," in ji muryar da ke cikin wayar. "Lasisina na wurinku ya mutu ranar da na bar ƙasar. Wanda ke hannuna na Najeriya ne, ke kuma kina Riyad. In na duba ki ta waya, ta'amin ba zai biya ba, kuma ba takardar da zan rubuta su karɓa."

"To kunnen da kika saurare ni da shi fa? Shi ma a filin jirgi suka karɓe?"

Dakta ta yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Akwai Dakta Uwais. Basudane ne, mutumin kirki. Ki je."

Takardar ce dai matsalar. Delou girki take yi a wata makarantar 'yan mata a unguwar Shifa, kuma duk wanda ya ci kabsarta, dafa-dukan Larabawa, ya san hannun Maraɗi ba wasa ba. Amma tun da ɗanta na fari ya rasu a gida, wata bakwai ke nan, hannun ya canza. Ta zuba sukari a shinkafa. Sau biyu ta bar gas a kunne. Mudira, shugabar makarantar, ta ce ko ta kawo takardar likita kafin ƙarshen wata cewa kanta lafiya lau, ko a buga mata huruj, fitar da ba dawowa. Ga 'yan mata biyu a Maraɗi, karatunsu duk a kan tukunyar nan yake.

Abin da ya ba matan unguwa abin taunawa shi ne, ba wanda ya ga hawayenta. Wasu suka ce dauriya ce, wasu suka ce taurin zuciya, wata ma da ba zan kama sunanta ba ta ce ai daman ba ta shaƙu da shi ba. Su duka sun san dalili, surutu ne dai ba ya son dalili. Ɗan fari ne. Tun yaye aka kai shi wurin kakarsa. Shekara goma sha tara Delou ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "yaron Inna". In ya bugo ranar Juma'a, "lafiya lau" biyu take yi ta miƙa wa ubansa. Haka uwarta ta yi wa nata, haka kakarta.

Ranar ganin Dakta Uwais, mijinta Maulud ya ajiye motar ɗaukar kayansa a unguwar Sulay ya zo yi mata tafinta. Likitan ya karanta abin da Bilƙisu ta bari, ya gyara zama, ya fara tambayoyin gwaji. Yau wace rana? Wane gari muke? 'Ya'ya nawa? Delou ta amsa tsaf, ta faɗi sunayen 'yan matan.

"Wanda ya rasu fa, ya sunansa?"

Maulud ya yi gyaran murya. "Wai ya sunan yaron Inna."

Delou ta sunkuya tana kallon takalminta. Likita ya jira. Ya sake tambaya. Maulud ya dubi silin, ya dubi na'urar sanyaya ɗaki, gumi na tsattsafo masa duk da sanyin. Shi ma ai ɗan farinsa ne. Ga bayanin da tsawo, ga Larabcinsa na lodi da sauke kaya. Sai ya ɗauki gajeriyar hanya.

"Ta manta," ya ce.

Shi ke nan, alƙalami ya yi aikinsa. Mace ta bar gas a kunne, ta zuba sukari a shinkafa, ta manta sunan ɗanta. Dakta Uwais ya rubuta a yi mata hoton ƙwaƙwalwa, ya ce ba zai sa hannu a takardar aiki ba sai ya gani. Akawu ya duba, ya ce hoton kam ta'amin zai biya, amma layinsa sai bayan sati shida. Wata kuwa saura kwana biyar ya mutu.

A mota, sai da suka wuce gada biyu Delou ta juyo.

"Malam, ni na ce maka na manta?"

"To me zan ce masa, Delou? Ke ma ai kina wurin."

Da la'asar ta sake kiran Katsina. Bilƙisu ta saurara har ƙarshe.

"Maganar likita ba zan yi miki ba, kin san dalili. Maganar ƙanwa zan yi. Kada ki koma da Malam. Ki nemi mace babba mai jin Larabci."

Mace babba mai jin Larabci ɗaya ce a layinsu: Gogo Mariamou, mai turaren wuta da yaji. Shekara talatin a Riyad. Ta san wanda iƙamarsa ta mutu, ta san wadda cikinta ya kai wata biyu tun kafin mijin ya sani. In kana son labari ya isa Zinder kafin magariba, ba sai ka sayi katin waya ba, ka raɗa wa Gogo ka ce kada ta faɗa.

"Gara huruj," in ji Delou.

Amma ba a fafe gora ranar tafiya, kuma kwana biyar sun zama uku. Ta je ta durƙusa ta gaishe ta.

A asibiti akawu ya turo wata takarda ta ƙasan gilashi, da ɗan akwatin tawada.

"Me kuma aka rubuta nan?" in ji Gogo.

Ya ce duk mai yin tafinta sai ya sa hannu cewa abin da ya ji a ɗakin likita, a ɗakin zai tsaya.

"Har yaushe?"

"Har abada."

"Kai, yaro, wannan ai ɗaurin rai da rai ne." Ta juya ta dubi Delou, wadda ta rame har abayarta na jan ƙasa. Ta ja tsaki, ta dangwala babban yatsa.

Dakta Uwais bai gama buɗe baki ba Gogo ta tare shi. Larabcinta na kasuwa ne, ba ya gaida nahawu, amma yana isa inda aka aike shi. Ta ce masa, likita, karatu ka yi, amma ba ka zauna da mu ba. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, kunya ce, ko da wuƙa a wuya. Mijin ma haka, shi ya sa ya shara maka ƙarya, soko. Wannan matar ta san ranar da yaron ya fitar da haƙorin farko.

"To wa zai faɗa mini sunan?" in ji likita.

"Ni. Aikin tsofaffi ke nan."

Ta juyo, ta dafa gwiwar Delou, ta faɗa da Hausa, a hankali, yadda ake kiran yaro ya zo ya ci abinci.

"Oumarou. Allah ya jiƙan Oumarou."

Wata bakwai ba wanda ya faɗi sunan nan a gabanta. Masu ta'aziyya ma "yaron" suke cewa, don su rufa mata kunya. Delou ta buɗe baki ta ce amin, amin ɗin ya maƙale. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Likita ya tura mata kwalin tishu, Gogo ta ture shi ta miƙa mata gefen mayafinta.

Da ta samu numfashi ta ce, "Ranar Talata ya kira ni. Ba ranar kiransa ba ce. Ina kan tukunya, ban ɗauka ba."

Gogo ta mayar da Larabci, ba ƙari ba ragi, abin da ba ta taɓa yi wa wata magana ba a rayuwarta. Sauran kuma, ƙofar ɗakin mai kauri ce.

Sun fi awa a ciki. Dakta Uwais ya soke hoton ƙwaƙwalwa, ya rubuta wa mudira cewa baƙin ciki ne, ba mantuwa ba, za ta iya aikinta. A kanta akawu ya buga hatimi, ya ce zama ɗaya ya rage. Gogo ta tambaya ko ta'amin na biyan masu tafinta. Ya ce sai mai lasisi.

"Lasisin magana? Ni?" Ta gyara mayafinta da ya jiƙe. "Mu je, 'yar nan, ƙafafuna sun gaji."

Ranar Juma'a bayan la'asar ɗakin Gogo ya cika maƙil, har da waɗanda ba su taɓa sayen turare ba. An sha shayi zagaye biyu ana jira.

"Gogo, wai ya aka ƙare a Malaz?"

"Likitan yana da sanƙo har ƙeya. Kuma ko wa ke masa guga, ba ta iya ba."

"Sai me?"

"Sai sanyin ɗakin, kamar firij."

"Haba Gogo! Ita Delou fa, me ta ce?"

Gogo ta ɗaga babban yatsanta ta duba. Ta wanke shi da omo, ta goge da lemon tsami, amma shuɗin yana nan a gefen farce. Ta ɗauki buta ta leƙa ciki.

"Shayin ya ƙare," ta ce. "Wa zai ɗora wani?"