Jakin Kurciya

Bakanike mutum ne da ya yarda ba abin da ke lalacewa sai da dalili, kuma in an gano dalilin an gama aiki. Babur in ya ƙi tashi, ko fulogi ne, ko mai, ko wuta. A canza ɗaya, a buga, ya tashi. Da wannan tunanin ya tunkari 'yarsa, bawan Allah, kamar ita ma da sifana za a kwance ta.

Yarinyar shekararta biyar. Uwarta ta rasu tana jaririya, sai kakarta ta wajen uwa ta ɗauke ta, ita ce ma ta laƙaba mata Kurciya saboda wani ɗan gunaguni da take yi in barci zai ɗauke ta. Uban yakan je can ƙarshen gari ranar da ba aiki, ya kai sabulu da madara, ya zauna a bakin tabarma yana kallon 'yarsa tana leƙensa ta bayan zanen tsohuwa. Da ya samu ɗaki biyu da ɗan tsakar gida a bayan garejinsa, ga makaranta kusa, sai ya je ya durƙusa ya ce, "Inna, lokacin karatu ya yi. Ina so in ɗauke ta."

Tsohuwa ba ta yi musu ba. Ta ce, "To, 'yarka ce." Ta tashi ta shiga ninke kayan yarinyar, ta daɗe tana yi, alhali rigunan ba su taka kara sun karya ba. Tana ninki tana gaya masa cewa ba ta shan madara da zafi, kuma sai an riƙe mata hannu take barci. Shi kuwa sai gyaɗa kai yake yi, hankalinsa na kan yadda zai ɗaure ƙullin kayan a bayan babur.

Tun da Kurciya ta shiga gidan ubanta ta rufe bakinta ruf. Ba kuka, ba rigima. Da ma kukan ta yi, da ya san inda zai kama. Ya yi wa ɗakinta fenti, ya sayo 'yar tsana mai rufe ido, ya sayo keke mai ƙafa uku, duk ta dube su ta kau da kai. Abinci sai ta yi cokali biyu ta ture kwano. Ya so ya kai ta ta ga kakarta, amma masu zaman hira a gareji, waɗanda ba abin da ba su sani ba daga siyasa har renon yara, suka ce kul. "In kana kai ta, har abada ba za ta saba da kai ba. Daure mata, yaro mantuwa gare shi." Ya ɗauki shawarar, domin ta zo daidai da abin da zuciyarsa ke so. Tsoronsa ɗaya ne, kada ya zama baƙo a wurin 'yar da ya haifa.

Wata rana da yamma tana zaune a kan tsohuwar taya a ƙofar gareji, sai ga wani jaki ya wuce da buhuna a bayansa. Kurciya ta miƙe tsaye, ta bi shi da ido har ya sha kwana, ta ce, "Jaki!"

Sifana ta suɓuce daga hannun Bakanike. A ransa ya ce shi ke nan, an gano matsalar.

Akwai wani dattijo a bayan kasuwar katako, ana ce masa Mai Amalanke, wanda motocin ɗaukar kaya suka ƙwace wa aiki har ya jingine amalanken. Jakuna biyu suka rage masa, babba mai furfura a baki da ƙarami mai ruwan toka. Bakanike ya je ya duba ƙaramin kamar yadda yake duba babur na hannu. Ya ɗaga ƙafafu ya dubi kofato, ya buɗe baki ya leƙa haƙora, ya zagaya shi yana ƙwanƙwasa haƙarƙari, saura kaɗan ya nemi lambar inji. Jakin ya tsaya masa shiru, ko kunne bai kaɗa ba.

"Ba ya harbi?"

"Wannan? Jariri ma sai ya kwanta a ƙarƙashinsa," in ji dattijon. Ya ƙara da cewa, "Sai dai tare suka yi aiki duk shekarun nan, a kwano ɗaya suke ci. In da hali, ka haɗa su duka."

Bakanike ya yi dariya. "Dattijo, 'ya ɗaya gare ni, baya ɗaya za ta hau. Tsakar gidan nawa ma in jaki ya juya sai ya taka bango."

"Haka ne. To, ja shi. Za su yi kuka kwana biyu su manta."

Da aka ja ƙaramin zuwa ƙofa, babban ya fizgi igiyarsa har turken ya girgiza, ya saki wani irin kuka da ya bi su har bakin titi. Bakanike bai waiwaya ba, yana ta tsara sirdi a kansa.

Sirdin kuwa ya yi kyau, a ba shi wannan. Da soson kujerar babur ya yi shi, ya lulluɓe da leda ja, ya lanƙwasa ƙarfe ya yi mata mariƙi a gaba. Da Kurciya ta ga jaki a tsakar gidansu, fuskarta ta washe. Ta matso a hankali ta taɓa hancinsa, ta janye hannu, ta sake taɓawa. Uban ya ɗaga ta ya ɗora a kan sirdi, ya ja igiya yana tsaki irin na masu jakuna. Jakin bai motsa ba. Ya tura shi ta baya, ya lallashe shi, ya nuna masa karas, duk a banza. Yana tsaye kamar benci, kansa a sunkuye, fuskarsa na kallon ƙofar gida. Da yarinyar ta gaji da zama, sai ta zame ta sauko da kanta.

Abinci ma ya ƙi. Bakanike ya kawo dusa, ya kawo harawa, ya yanko ɗanyar ciyawa a bakin rafi, ya canza ruwa, ya canza bokiti. Ya sayo maganin tsutsa ya ɗura masa, rabi ya ƙare a rigarsa. Jakin sai ya shinshina ya ɗauke kai. Kafin a ce me, ƙashin bayansa ya fito, gashinsa ya dushe. Kurciya kuwa ta samu wurin zama. Kullum tana gefensa a inuwar bango, ta jingina da ƙafarsa, su biyun suna kallon ƙofa.

Wata safiya Bakanike yana wanke fuska a bayan taga ya ji murya. Ya tsaya da ruwa a hannu. 'Yarsa ce ke magana, da cikakkiyar murya mai daɗi da bai san tana da ita ba.

"Ka ci mana. Ko kaɗan. Ni ma kaɗan nake ci." Can ta ce, "Wa kake jira? Ba za su zo ba. Ba su san gidan nan ba."

Kishi ya kama shi, kishin jaki, abin kunya ga magidanci. Bayan kishin sai tsoro, don ya ga dabbar nan mutuwa za ta yi a gaban yarinyar. Ya goge fuska, ya bar gareji a rufe, ya kwance igiya ya ce, "Zo mu mai da shi wurin ɗan'uwansa."

Jakin da ya ƙi taku ɗaya a tsakar gida, yana ganin an buɗe ƙofa ya fita da sauri. Shi ya ja su. Bakanike na riƙe da igiya, Kurciya na riƙe da gefen rigarsa tana 'yan gudu-gudu, suka ratsa layin masu walda, suka wuce kasuwar katako. Tun daga nesa jakin ya ɗaga kai ya yi kuka, ya dakata yana saurare, ya sake yi. Ba a amsa ba.

Mai Amalanke na zaune a kan amalankensa. Da ya gan su bai tashi ba, sai ya nuna gindin bango da haɓa. Babban jakin na kwance a can, an rufe shi da buhuna, kofatansa a waje.

"Da safen nan ya cika," in ji shi. "Ina jiran masu ɗauka ne. Tun ranar da ka tafi da wannan bai sa komai a bakinsa ba. Ni da na ce za su manta! Duk zamana da jakuna ban taɓa raba biyu ba, ina zan sani?" Ya share ido da bakin hula. "Naka yaro ne, yana da sauran jiki. Shi wannan tsoho ne, ba shi da ƙarfin jira."

Ƙaramin ya ja igiya, Bakanike ya sake masa. Ya je ya ture buhun da hanci, ya shinshina wuyan ɗan'uwansa, ya zungure shi, ya ɗan kafta ƙasa da kofato. Sannan ya tsaya a kansa, ya daɗe a tsaye. Can Kurciya ta ɗebo harawa a kwanon da ba a taɓa ba, ta je ta miƙa masa. Jakin ya dube ta, ya ɗauki 'yan ganye da leɓe, ya shiga taunawa a hankali.

"Ya gani da idonsa," in ji dattijon. "Ka koma da shi. Me zai zauna yi a nan? Ya saba da yarinyar."

Bakanike bai ji ƙarshen maganar ba. Ba shi da ƙarfin jira, abin da ke ta yawo a kansa ke nan. Duk kwanakin nan idonsa na kan wanda ya ɗauko, ko ya ci ko bai ci ba. Ko sau ɗaya bai tambayi kansa halin da wanda aka bari yake ciki ba. Ya tuna wata maƙwabciyar surukarsa ta kira shi a waya ta ce tsohuwa ba ta jin daɗi, ya ce zai shigo in aiki ya yi sauƙi.

Ya roƙi buhu ɗaya wurin dattijon, ya ninke ya shimfiɗa a bayan jakin, ya ɗaga Kurciya ya ɗora. Ba ta da nauyin da zai dami ko mara lafiya. Ya ja igiya, jakin ya taka. Yarinyar ta ƙanƙame gashin wuyansa, ta saki 'yar ƙara, sannan ta gyara zama. Tafiyarta ta farko ke nan a kansa, ba jan sirdi, ba mariƙi, sai tafin hannun ubanta a bayanta.

Da suka iso mararraba bai juya wajen gareji ba. Ya miƙe hanyar ƙarshen gari. Ba su yi nisa ba Kurciya ta ɗago kai. Ta ga injin niƙa, ta ga famfon da ake layi, ta ga gidan mai koren ƙyaure, sai bakinta ya buɗe. "Ga inda muke ɗibar ruwa! Can akwai kare, amma ba ya cizo. Yi sauri, an kusa!" Da jakin take magana. Uban yana tafe a gefe yana sauraro, daɗi da baƙin ciki sun cakuɗe masa a ƙirji.

Ƙofar gidan a buɗe take rabi. Tsakar gidan da a da ko tsinke ba a gani, ganye ya rufe shi, murhu ba alamar wuta. Tsohuwa na zaune a kan tabarma a bakin ɗaki, ta jingina da bango, zanenta ya yi mata yawa. Kurciya ba ta jira a sauke ta ba. Ta zame, ta faɗi, ta tashi, ta ruga ta faɗa jikinta. Tsohuwa ta rungume ta tana shafa kanta da bayanta da ƙafafunta, tana ta cewa, "Ke ce? Ke ce?"

Bakanike ya durƙusa daga nesa, igiya a hannu. "Inna, mun same ku lafiya? Kin rame."

"Tsufa ne, ɗan nan." Ta ɗago fuskar yarinyar ta duba. "Wannan ma ai ta rame. Kin ci abinci?"

"A'a. Ke kin ci?"

Tsohuwa ta dafa bango ta miƙe, ta nufi murhu, yarinyar na biye da ita riƙe da zanenta. Bakanike ya ga yadda hannun yarinyar ya kama zanen ba tare da ta duba ba, ya san magana ta ƙare.

"Inna," ya ce. "Gobe zan kawo kayanta. Makaranta kuma, ni zan riƙa zuwa da safe in kai ta."

Tsohuwa ta tsaya da ashana a hannu. Ta dube shi, ta ce, "Allah ya yi maka albarka."

Ya ja jakin zuwa gindin bishiyar da ke tsakar gidan, ya fara ɗaure igiya. Don ita ya saye shi, inda take nan ne wurinsa. Yana cikin ƙulli ya ji an taɓa masa hannu. Kurciya ce, ta ɗaga kai tana kallonsa ido cikin ido.

"Baba, kada ka ɗaure shi. Ka tafi da shi gida."

"Ai naki ne. Ba kya son sa?"

"Ina so." Ta shafa hancin jakin. "Amma ni ina da Kaka. In ka bar shi a nan, kai kaɗai za ka zauna."

Kafin ya yi magana, tsohuwa ta kira ta ta kawo mata ruwa, ta juya da gudu. Bakanike ya kwance ƙullin da ya fara, ya ja igiya, jakin ya biyo shi. Suka fita suka kama hanyar gareji a hankali, su biyu, ba kowa a baya.