Littafin da Malam Ƙurban Ya Buɗe Ta Baya

Allah Maɗaukaki ya hore wa Malam Ƙurban Ali hadda irin wadda ban taɓa gani ga wani ba. Tun muna ɗalibai a garinmu Gazni, in aka karanta masa shafi sau ɗaya, to ya zauna ke nan. Sai ga shi tsufa ya riske mu a unguwar Dandenong, can ƙasar Turawa, ni a ƙasan bene, shi a sama, cikin ɗakin da tagarsa ke kallon tashar bas.

Matarsa, Bibi Zarin, tana kwance a gidan jinyar tsofaffi tun da ɓarin jikinta ya shanye. Ya taɓa nufar wurinta shi kaɗai, ya hau motar da ba ita ba, aka wuni ana nemansa. Daga ranar ɗansa Jawad ya hana shi fita. Ya ce, "Baba, ka yi mini rai. Ranar da malamarku ta shaida kana karanta Turanci, wallahi ni zan saya maka katin bas." Shi kuwa Jawad aikin gini ya riƙe shi, ba ya samun kai shi sai jefi-jefi.

Ni nake raka Malam Ƙurban ajin manya a ɗakin karatun unguwa. Malama Bronwyn, Allah ya saka mata da alheri, burinta mu so karatu don daɗinsa. Takan zo da ƙananan littattafai masu hotuna, ta karanta mana da ƙarfi, sannan kowa ya gwada. Mu muna tuntuɓe, Malam Ƙurban kuwa sai ya zubo shi tiryan-tiryan, yana rangaji kamar yadda muka saba a gaban malamanmu.

Ran da za ta gwada shi, har ya zuba shayi a gora zai kai wa Bibi Zarin. Malama ta miƙa masa littafin wani masunci, wanda ta taɓa karanta mana. Ya sumbace shi, ya ɗora a goshi don girmama rubutu, ya buɗe ta dama, yadda hannunsa ya saba tun yarinta, ya kama farkon labari alhali idonsa na kan shafin ƙarshe.

Hajiya Marziya, wadda ba ta raga wa kowa a ajin, ta tuntsire da dariya. "Malam, masuncin naka bai shiga jirgi ba, ga shi a hoto har ya soya kifin! Wannan karatu ne ko duba?"

"Hajiya, ki ji tsoron Allah," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Ni da nake jan baƙi kamar jaki a taɓo ma na fi ka, tunda dai ta gaba nake shiga."

Malama ba ta yi dariya ba. Ta juya masa littafin a hankali, ta ɗora yatsa a kan kalma guda. Ya dubi kalmar, ya daɗe. Mutumin da ya karantar da limamai ya kasa furta ta. Malama ta ce ba za ta iya faɗa wa Jawad abin da ba haka ba, amma daga yau ba za ta ƙara karanta masa komai da baki ba. Zai buɗe da kansa. Muka dawo gida da gorar shayin, ta huce.

Bayan kwanaki na hau wurinsa da la'asar. Na iske shi a bakin taga da wani sabon littafi, yatsa a kan layi.

Ya ce, "Malam Nadir, akwai wata tsohuwa a nan da ta ɓatar da akuyarta. Ban san ko za ta gan ta ba. Tun da nake, ban taɓa riƙe littafin da ban san ƙarshensa ba. Kada ka gaya mini."

Sai ga bas ta tsaya a ƙasa. Ya manna goshi da gilashi, yana haɗa baƙaƙen da ke gabanta ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya kai na ƙarshe, ta tashi.

"Tata ce," ya ce. "Ina jin ita ce mai zuwa wurin Bibi Zarin."

Ya bi ta da ido har ta sha kwana, ya yi hamdala a hankali, ya mayar da yatsansa kan layin.