Jirgin Baffa a Kan Tudu

Ranar Laraba ce a tsakiyar bazara, rana ta buɗe tun hantsi, iskar da ke shigowa lungunan unguwar Kabara kamar daga bakin murhu take fitowa. Zaharaddeen na tsugune a soron maƙwabtansu, riƙe da babban yatsan Baffa Mailafiya, yana fama ya dangwala shi a jikin fom. Wata huɗu ke nan da ɓarin jikin tsohon ya shanye, 'yarsa Hajo ta ɗauko shi daga ƙauyensu na bakin dam ta kawo shi birni jinya.

"Baffa, saki hannun mana. Sau ɗaya ne kawai."

"Kai ɗan birni," in ji Baffa, bakinsa a karkace, "takarda ce za ta yi fiton?"

Shekara talatin Baffa ya yi yana tsallakar da 'yan kasuwa a kwale-kwalensa. Da ya kwanta, wani ya karɓi tuƙin, abin da aka samu da shi matar ɗansa marigayi ke ciyar da marayu uku. Sai ga dokar rajista. Jami'ai suka bi gaɓa, duk jirgin da ba shi da lamba suka ja shi tudu suka sa masa sarƙa. Aka haɗa da na Baffa, matuƙin ya kama gabansa.

"Ka ji abin da zan gaya maka," Baffa ya ce. "Jirgin katako ba ya son tudu. Ka je ka cika cikinsa da ruwa, ka rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna, ka samu mai zuba masa safe da yamma. Takarda ta jira."

Zaharaddeen ya yi dariya. Tun aji uku ya bar sakandare. Ya taɓa gyaran waya, ya taɓa adaidaita, babu inda ya daɗe. Amma shiga ofis ya iya, kuma yau ga aikin da zai kai ƙarshensa.

"Kwana uku na gama komai, Baffa. A mayar da shi dam ɗin gaba ɗaya, ya sha ya ƙoshi."

Ofishin rajistar ya ce sai da hoton fasfo. Suka jingina Baffa da bango, Hajo ta ɗaga farin zanen gado a bayansa tana cewa, "Baba, ka daina harararsa." Aka ce sai da rasit.

"Rasit?" Baffa ya ce. "Wanda ya haɗa jirgin ya fi shekara ashirin a ƙasa. Ka je ka tashe shi."

Aka koma takardar rantsuwa a kotu. Daga nan wasiƙar mai unguwa, aka kai ta mai unguwar Kabara, suka ce ta dagacin ƙauye suke so. Aka aiko da ita a motar kasuwa. Ranar da ta iso, aka ce babu sabis.

Duk yamma in Zaharaddeen ya leƙo soron, tambaya ɗaya ce: "Ka ba shi ruwan?" Kullum amsar ita ce gobe. A rana ta goma sha biyu ya ga idon tsohon ya faɗa, hannunsa mai lafiyar yana ta murza gefen tabarma.

"Na je, Baffa. Na cika shi taf."

"Har wajen hancin? Ta nan yake fara darewa."

"Har nan."

Baffa ya sauke numfashi. Ranar ya shanye kokonsa duka. Hajo ta dubi ƙafafun Zaharaddeen, babu ko ɗigon taɓo a takalminsa. Ta ɗauki kwanonta ta shige ciki.

Takardar ta fito ranar Litinin ta mako na uku. Ya biya aka sa mata leda, ya taho da sauri yana shirya tsokanar da zai yi wa tsohon. Tun daga bakin lungu ya hango tabarmi a shimfiɗe, ga makara a jingine a ƙofar soro. Liman ya ce masa tun azahar ne, babu wata wahala. Da takardar a cikin rigarsa ya sa kafaɗa aka kai Baffa.

Bayan sadakar uku ya hau mota zuwa dam. Jami'in ya duba lambar, ya kwance sarƙar, ya ce Allah ya jiƙan mai shi. Matar ɗan Baffa ta tsaya daga nesa da goyo, ba ta matso ba.

Zaharaddeen ya zagaya jirgin yana ƙirgawa. Katako biyar na ciki sun dare tun daga hanci har baya. Filafili biyu na tuƙa shi babu. Benci uku, wani ya ɓalle su ya yi makamashi. Ya durƙusa ya zura hannu ta tsagar da ta fi girma, yatsunsa suka taɓo yashi mai zafi. Taku goma a gabansa, ruwan dam yana lasar gaɓa.