Daga Jalingo zuwa Birnin Kebbi, Awa Ɗaya da Rabi

Da ƙarfe tara na safe Kawu Yari ya bugo daga Birnin Kebbi ya shaida wa Mato cewa Inna ta cika. Mato na zaune a shagonsa na goro a Agege, can Legas. Shi ne babban ɗa, don haka aka tambaye shi yaushe za a kai ta.

Inna ta bar wasiyya guda ɗaya: 'yarta Kalsum ce za ta yi mata wanka. Kalsum kuwa aikin jinya take a Jalingo.

Mato ya aika aka kira Jabir. Shekara tara Jabir yana gadi a Ikeja, jirage na wucewa ta saman kansa dare da rana. A layinsu, wannan ya isa a ce mutum masanin jirgi ne. Jabir ya latsa waya, ya ɗaga ta sama kamar takardar shaida.

"Oga, ka gani? Jalingo akwai filin jirgi, Kebbi akwai. Kilomita ɗari takwas da hamsin. Awa ɗaya da rabi kacal."

"Ka tabbata?"

"Haba. Har layi suka ja a taswira."

Mato ya bugo gida, ya ce a dakata, Kalsum za ta iso kafin Azahar. Kawu Yari ya ce, "Rana tana da zafi fa, Mato. Amma kai ka faɗi."

Kalsum ta hau keke napep da kayan aikinta a jiki, ta nufi filin jirgi. Mato ya zauna yana kallon agogo. Masu sayen goro na zuwa, yana ba su fari a maimakon ja.

Sha ɗaya da rabi Kalsum ta bugo. "Yaya, babu kowa a nan sai mai shara da wani ma'aikaci. Ya ce tunda ya fara aiki bai taɓa ganin jirgin Kebbi ba. Wai sai an bi ta Abuja, shi ma ba yau ba."

Mato ya juya ya dubi Jabir.

"To ai wayar ba ta ce akwai jirgi ba," in ji Jabir a hankali. "Cewa ta yi in da akwai."

"A mota fa?"

Jabir ya sake latsawa. Wannan karon bai ɗaga wayar sama ba. "Sai gobe."

Kawu Yari ya bugo sau uku. An gama haƙa kabari tun sha biyu, liman ya aiko, mata sun cika gida suna ta fifita da mafici a ɗakin da aka shimfiɗe Inna. A na huɗu ya ce, "Ba a ajiye mamaci saboda mai rai. Ka yi magana."

Masallacin layin dogo ya kira Azahar. Mato ya tashi, ya sake zama.

"A ce wa Inna Hansai ta yi mata wankan," ya ce wa Kawu Yari. Ƙanwar marigayiyar kenan, wadda suka shekara biyar ba sa ga maciji da juna.

Sannan ya kira Kalsum. Tana ɗauka ta ce, "Yaya, na sami direban da ya ce zai kai ni Gombe, wataƙila a can..."

"Kalsum, ki nemi wuri ki zauna tukuna."

"A zaune nake."

"To an shiga da ruwan wankan Inna," ya ce.